Ɗakin barci ba zauren jarrabawa ba ne

Wata ƙanwata, 'yar ƙanen mahaifina, da ke zaune tare da iyayenta a unguwar Bronx ta birnin New York, ta kira ni a waya kwanakin baya da tambaya guda. Ta kammala digirinta na farko, tana son karatun lauya, ta biya kuɗin jarrabawar LSAT, kuma an turo mata saƙo cewa an kusa buɗe shafin zaɓen rana da wurin zama. Ta ce, "Yaya, a gida zan rubuta ko in tafi cibiya? Ƙawayena duk sun ce gida ya fi sauƙi." Na tambaye ta su nawa ne a gidan. Ta ce su bakwai, a ɗakuna uku. Na tambaye ta ko ƙofar ɗakinta tana da makulli, sai ta yi dariya.

Amsar da na ba ta ita zan shimfiɗa a nan, domin tambayar ta wuce gidanmu. Duk wanda ke da cibiyar jarrabawa da zai iya kaiwa, ya tafi cibiya, ya kuma kama gurbinsa a ranar da aka buɗe shafin. Abin da aka riƙa tallata wa matasa da sunan 'yancin zaɓi ya ƙunshi wani ciniki da ba a faɗa musu a fili ba: wanda ya zaɓi gida ya karɓi aikin samar da zauren jarrabawa, da lantarkinsa, da intanet ɗinsa, da tsaron ƙofarsa, ba tare da an rage masa ko sisi daga kuɗin da ya biya ba.

Mece ce LSAT, kuma me ke rataye da ita

A Najeriya, wanda ke son zama lauya yakan shiga fannin shari'a kai tsaye daga sakandare ta hanyar JAMB, ya yi shekara 5 a jami'a, sannan ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi. A Amurka sai mutum ya gama digirin farko a kowane fanni kafin ya nemi shiga makarantar shari'a, inda zai yi shekara 3 ya fito da digirin JD. Ƙofar shiga mafi girma ita ce LSAT, wadda aka fara a 1948, kuma wata ƙungiya mai zaman kanta, LSAC, ke shirya ta. Makarantun Kanada da yawa su ma da ita suke aiki. Lauyan Najeriya da zai je yin digiri na biyu a shari'a, wato LLM, galibi ba a nemanta gare shi. Wannan magana ta 'ya'yanmu ce da ƙannenmu mazauna can, da kuma duk wanda zai fara karatun shari'ar Amurka daga tushe.

Tun daga Agustan 2024 jarrabawar ta zama kashi 4, kowanne minti 35. Kashi biyu na tantance hujja ne, ɗaya na fahimtar dogon rubutu, ɗaya kuma na gwajin sababbin tambayoyi ne da ba a ƙirga makinsa, sai dai ba a gaya wa ɗalibi wanne ne. Akwai hutun minti 10 tsakanin kashi na biyu da na uku. Maki yana farawa daga 120 ya tsaya a 180. Kashin tantance hujja yakan ƙunshi tambayoyi kimanin 25, wato kowace tambaya ba ta samun cikakken minti ɗaya da rabi. Wanda ya rasa minti uku ya rasa tambaya biyu, kuma a saman ma'aunin tambaya ɗaya ko biyu kan sauya maki guda.

Maki guda kuwa kuɗi ne. Makarantun shari'a masu zaman kansu da yawa suna karɓar fiye da dala 50,000 a shekara, kuma rangwamen da suke yi wa ɗalibi ya dogara ƙwarai da makinsa, domin matsakaicin makin ɗalibansu yana cikin abin da ake aunawa wajen jera makarantu. Ga shi damar zama ƙidayayya ce: sau 5 a cikin kimanin shekara 5, sau 7 a tsawon rayuwa. Wanda ya rubuta ya soke makinsa da kansa, an ƙirga masa wannan zaman. Kowane zama kuma a 2025 kusan dala 250 ne. Abin da yarinyar nan ke shirin jinginawa da ƙofar da ba ta da makulli ke nan.

Dabarar annoba ce, aka mayar da ita kayan talla

Ya kamata a tuna daga inda rubutawa a gida ya fito. Shekara 70 da 'yan kai ana rubuta LSAT a zaure da fensir da takarda. A 2019 aka koma allon kwamfuta na hannu, amma har yanzu a zaure. Annobar korona ce ta rufe zaurukan, sai LSAC ta fito da LSAT-Flex a Mayun 2020, gajeriyar jarrabawa mai kashi 3 da ake yi daga gida, mai sa ido yana kallo ta kyamara. A lokacin babu mai zargin kowa, domin larura ce. A Agustan 2021 aka dawo da kashi na huɗu, ana ci gaba da yi daga gida. Sai a Agustan 2023 aka ɗauki kamfanin Prometric, aka ce kowa ya zaɓa: ko gida, ko ɗaya daga cibiyoyin kamfanin.

Saboda haka babu wani lokaci da aka zauna aka ce ɗakin barci ya fi zaure dacewa da jarrabawa. Tilas ce ta kawo shi, arha da sauƙin gudanarwa suka zaunar da shi. Duk ɗalibin da ya zauna a ɗakinsa, kujera ɗaya ce da ba sai an tanada ba, kwamfuta ɗaya ce da ba sai an saya ba. Wanda ya fi cin moriyar wannan sauƙi shi ne mai shirya jarrabawar.

Wa ke ɗauke da zauren

Mu duba abin da ake nema daga mai rubutawa a gida. Ɗaki ne nasa shi kaɗai, da babu wanda zai shigo har a gama. Teburi ne da aka share komai daga kansa. Kwamfuta ce mai kyamara da makirufo, wadda manhajar sa ido za ta yarda da ita. Intanet ne da ba zai yanke ba na kusan awa 3. Kafin a fara zai zagaya da kyamara ya nuna ɗakin, saman teburi da ƙarƙashinsa. Da an fara ba zai karanta tambaya da ƙarfi ba, ba zai fita daga idon kyamara ba, ba zai taɓa waya ba.

Kowane ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa, a cibiya wani ne ake biya ya cika shi. A gida kuwa nauyin ɗalibi ne, kuma yawancinsu ba a hannunsa suke ba. Ba shi da iko da maƙwabcin da ya tashi gyaran bango, ko mai kawo saƙo da ya danna ƙararrawa, ko kwamfutar da ta ga damar sabunta kanta. A irin gidajenmu abin ya fi haka. Mu mutane ne da baƙo ba ya neman izinin zuwa, yaro ba ya ganin ƙofa a rufe ya wuce, kuma idan uwa ta kira, 'ya ba ta yin shiru. Wannan tarbiyya ce da muke alfahari da ita, amma manhajar sa ido ba ta san da ita ba. Abin da za ta rubuta shi ne an ji muryar wani a ɗakin.

Ita kanta LSAC ta san ba kowane gida ne ya dace ba, domin tun zamanin annoba ta riƙa ba da aron na'ura da taimakon samun wuri mai shiru ga wanda ya nema. Abin yabo ne, kuma shaida ce a kan abin da nake faɗa. Jarrabawar da aka ce an daidaita ta ga kowa ta koma tana auna faɗin gidan uban ɗalibi da ƙarfin intanet ɗin unguwarsu. Ɗan mai hali yana da ɗakin karatu na musamman. 'Yar direban tasi tana raba ɗaki da ƙannenta biyu. A cibiya su biyun kujera iri ɗaya za a ba su.

Akwai kuma batun sirri, wanda mu ya kamata ya fi damunmu. Baƙon da ba ta taɓa gani ba zai umarci budurwa ta juya kyamara ta nuna masa kusurwoyin ɗakin kwananta, a kuma naɗi hoton da sautin. A Agustan 2022 wani alƙalin tarayya a jihar Ohio ya yanke cewa irin wannan binciken ɗaki da Jami'ar Jihar Cleveland ta sa aka yi wa wani ɗalibi ya saɓa wa kundin tsarin mulkin Amurka. Shari'ar ta shafi jami'ar gwamnati ce, ba ta ɗaure ƙungiya mai zaman kanta ba. Duk da haka abin lura ne cewa mai neman zama lauya zai fara tafiyarsa da sallama haƙƙin da wata rana zai tsaya a kotu yana kare wa wasu. A cibiya ma ana bincike: a ajiye kaya a akwati, a zazzage aljihu, a duba tabarau. Amma abin da mutum ya ɗauko ya zo da shi ake dubawa, ɗakinsa yana can gida a rufe.

In abu ya lalace, wa zai shaida

Za a ce ai cibiya ma tana samun matsala. Gaskiya ne, kuma mu 'yan Najeriya ba sai an ba mu labari ba. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida cikin hawaye ya amsa cewa kuskuren na'ura ya ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. A Amurka ma, jarrabawar zama lauya ta jihar Kalifoniya a Fabrairun 2025, wadda aka ba mutane damar yi daga gida ko a cibiya, ta watse a ɓangarorin biyu saboda manhajar. Hukumar lauyoyin jihar ta maka kamfanin a kotu, a Yuli kuma aka koma zaure.

Sai dai a duba dalilin da ya sa aka amsa laifi a waɗannan wurare. Mutane da yawa ne abin ya same su lokaci guda, ta hanya iri ɗaya, har ya gagara musantawa. Haka aka yi da LSAT ɗin Agustan 2023, zaman farko a ƙarƙashin sabon tsari, lokacin da masu rubutawa daga gida da dama suka yi ta jiran mai sa ido ko aka yanke su ana tsaka da aiki. LSAC ta nemi afuwa ta ba su damar sake zama kyauta, domin kukan ya yi yawa.

Babbar matsala ke nan, mai samun afuwa. Wadda nake jiye wa ƙanwata ita ce ƙarama, ta mutum ɗaya. Intanet ɗinta ya ɗauke na minti huɗu a tsakiyar kashi na biyu, ta sake shiga, ta sake nuna katin shaida, ta dawo kan tambaya ta 14 hankalinta ya riga ya tashi. Babu wanda ya gani sai ita da wani a bayan allo. Hanyar shigar da ƙorafi tana nan, amma ita za ta rubuta, ita za ta bayyana, kuma abin da ya fi yiwuwa ta samu shi ne wata rana ta daban, bayan ta shafe watanni tana shirya wa wannan. A cibiya, in kwamfuta ta tsaya, ma'aikaci ne zai taso ya gani da idonsa ya rubuta rahoto, kuma kayan nasu ne. Wanda zai karanta shari'a ya kamata ya fara sanin darajar shaida tun daga nan.

Darajar makin kanta

Saura magana guda da masu son gida ba sa so a taɓo, wato satar amsa. A Agustan 2025 LSAC ta sanar cewa za ta dakatar da jarrabawar intanet a babban yankin ƙasar Sin bayan zaman Oktoba, saboda kamfanonin da ke sayar da hanyoyin maguɗi. Wannan amincewa ce daga bakin mai kaya cewa kyamara ɗaya ba ta iya tsare ɗakin da ba nata ba. Maguɗin wani kuwa asarar mai gaskiya ce, domin guraben karatu da kuɗin tallafi ƙidayayyu ne, kuma da makin wasu ake auna nasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan tsagar ta yi yawa, wanda za a fara kallo da zargi shi ne ɗalibi baƙo mai sunan da ba a saba ji ba, wanda ya zo da maki mai kyau daga ɗakin da ba wanda ya gani. Makarantu ba sa fifita makin cibiya a kan na gida, kuma ban ce suna yi ba. Abin da na ce shi ne in an taɓa tayar da tambaya, wanda aka bincika a bakin ƙofa ya zauna a gaban ma'aikata yana da abin nunawa.

Waɗanda gida ya fi musu

Ba zan yi rashin adalci ba. Akwai mai lalurar jiki da tafiya ke wahalar da shi, ko wanda kayan aikinsa na musamman suna gida. Akwai mai shayarwa. Akwai mazaunin ƙauyen Montana ko arewacin Kanada da cibiya mafi kusa tafiyar yini ce gare shi, ga kuɗin mota da na masauki. Akwai wanda tarin maƙwabcinsa a zaure ko ƙarar madannin kwamfuta ke hana shi tunani, yana kuma da gida shiru shi kaɗai. Waɗannan hujjoji ne na gaske, kuma saboda su bai kamata a toshe hanyar gida gaba ɗaya ba. Amma kowannensu ya auna ya ga cewa haɗarin cibiya ya fi masa na gida. Wannan daban ne da wanda jirgin ƙasa na minti 40 zai kai shi cibiya, ya ƙi zuwa don yana son ya rubuta cikin kayan barci. Araha ba ta ado.

Wani zai ce ai kashin rubutun hujja, wanda ake yi daban, kowa daga gida yake yinsa. Haka ne, amma ba a ba shi maki, kuma ɗalibi ne ke zaɓen sa'ar da gidan ya yi shiru. Abin da ya wajaba kawai shi ne kada a yi sakaci da shi, domin ba a sakin maki sai an karɓe shi.

Ranar buɗe shafi

Duk wannan shawara banza ce ga wanda ya makara. Rajista da LSAC mataki ɗaya ne, wa'adinsa kuma yakan rufe makonni kafin jarrabawa. Kama rana da sa'a da wuri a shafin Prometric mataki ne na biyu, kuma wanda ya riga shi ke samu. Kujerun cibiya ƙidayayyu ne, ana kuma raba cibiyoyin da masu wasu jarrabawowin, sannan a lokacin da aka ba kowa zaɓi, wa'adin kama gurbin cibiya yakan rufe kafin na gida. A lokacin, wanda ya bari sai bayan kwana uku yakan iya tarar da cewa abin da ya rage cibiya ce mai nisa, ko kuma gida. A nan ne nake ganin laifin LSAC ƙarara. Zaɓin da ɓangarensa ɗaya ke ƙarewa, ɗayan ba ya ƙarewa, turawa ce zuwa ɓangare guda. In da gaske ake, a tanadi kujera ga duk wanda ya nema a cikin tazarar da hankali zai ɗauka.

Kafin a yi haka, dabara ta rage ga ɗalibi. Ya san ranar da sa'ar da za a buɗe shafin, da lambar da aka turo masa, ya kuma ware cibiyoyi biyu ko uku tun kafin lokacin. Ya zaɓi sa'ar da ya saba yin gwaji a cikinta, domin ƙwaƙwalwar da aka horar da safe ba lalle ta ba da haɗin kai da la'asar ba. Ana shimfiɗa kowane zama a kan kwanaki da dama, saboda haka wanda ya shiga da wuri zai iya kauce wa lokacin sallar Juma'a. Ya kuma dubi kalandar Musulunci: azumin 2027 a farkon Fabrairu yake farawa, na 2028 a ƙarshen Janairu, kuma waɗannan watanni biyu duk ana zama a cikinsu.

Zaɓen watan ma ba ƙaramin abu ba ne. Ana yin jarrabawar a Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba, Janairu, Fabrairu, Afrilu da Yuni, sakamako kuma yakan fito bayan kimanin mako uku. Yawancin makarantu suna buɗe karɓar takardu a Satumba, suna kuma ba da gurabe da tallafi tun takardu na shigowa, ba sa jiran ranar rufewa. Wanda ya fara zama a Yuni ko Agusta yana da sararin sakewa a Oktoba ko Nuwamba in abin bai yi kyau ba. Wanda ya bar zamansa na farko sai Janairu, ya kuma yi shi a ɗakin da kowa ke iya shigowa, ya ɗora shekara guda ta rayuwarsa a kan safiya ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙanwata ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Yaya, in na je can kuma tsoro ya kama ni fa?" Na ce mata ta je ta ga wurin mako guda kafin ranar, ta hau jirgin da za ta hau, ta san ƙofar ginin da hawan da ofishin yake, ta kuma yi gwajinta na ƙarshe a ɗakin karatu na unguwa, inda mutane ke tari suna jan kujera. Tsoron zaure ana iya horar da kai a kansa. Ƙwanƙwasa ƙofar da autan gidansu zai yi kuwa babu horon da zai hana shi.

Ranar da aka buɗe shafin ta nemi izinin awa ɗaya daga wurin aikinta. Ta samu kujera ta safiyar Asabar.